Shingen Yaya Eleuterio

Kwana tara kacal yayana Eleuterio ya yi a Santiago wajen kwas ɗin noma, amma ya dawo mana garinmu Chimbarongo yana kallon kowa a matsayin jahili.

Gonar mimbre Baba ya bar mana, itacen da muke saƙa kwanduna da tsumagunsa. Iri huɗu ya gauraya a ciki: ja, ruwan ɗorawa, kore, da wani baƙi-baƙi mai taurin tsiya. Duk watan Yuli, wanda a ƙasarmu shi ne tsakiyar sanyi, mu sare su har ƙasa, kututturan su sake tofowa.

"Wannan ai ba gona ba ce, Fresia, kasuwa ce," in ji shi. "Yanzu iri ɗaya ake dasawa, a layi."

"Jan fa, Yaya? Da shi nake yi wa kwanduna baki. Duk garin nan babu mai irinsa."

"Ki shafa fenti."

Fenti! Ranar da na kai kaya Rancagua ya kawo tarakta, ya tumɓuke kututturan shekara arba'in, ya cinna musu wuta. Na yi kuka kamar ranar da aka binne Baba. Ya dasa sabon iri ɗaya tal a layi. Don kada in shiga in ɓata masa layin, ya kewaye gonar da shinge. Tsabar rowa ta hana shi sayen turaku, sai ya kakkafa sandunan da ya sare daga itatuwan Baba.

Da zafin Janairu ya kankama, ciwon tsatsa mai cinye ganyen shuka ya sauka a gonar. Tunda duk iri ɗaya ne, tas ya bi su, layi-layi, kamar shi ma kwas ɗin ya je.

Shingen kuwa? Mutumin da aka haifa a garin nan wai ya manta cewa sandar mimbre ko ina ka soka ta a danshi sai ta yi saiwa. Shinge ya yi ganye shar, iri huɗun nan cif.

Da Yuli ya zagayo na zo da wuƙata, na tarar da shi tsaye gaban shingen, hula a hannu.

"Ashe akwai darasi kan gauraya iri," ya ce a hankali. "Rana ta goma aka yi shi, ni kuwa na riga na taho."

"Baba ko rana ɗaya bai je ba, Yaya. Riƙe min igiyar nan."

Ya riƙe. Na fara sara daga jan.