Ƙwan da Badaru Yake Bari

Da Allah Ya yi wa Badaru rasuwa a Jajaye, ya bar wa matarsa Maijidda gona, da 'ya ɗaya, da wata kaza wake-wake, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, mai rashin kunya, wadda har kan tabarmarsa take hawa in yana cin tuwo. Ana cikin zaman makoki baƙi suka yi yawa, Maijidda ta je gurbin kazar a gindin rumbu ta kwashe ƙwan kaf ta soya musu, har da wani mai zanen gawayi a jiki. Tun daga ranar gurbin ya bushe.

Saura kwana uku sadakar arba'in, sai ga Jibo ƙanen marigayin ya shigo yana kallon kazar.

"Matar Yaya, wannan ta gama aiki. Ci kawai take yi. Jibi a sa mata wuƙa, baƙi su samu romo."

"Kazar yayanka ce fa, Jibo."

"Shi ya sa ladan zai fi saurin isa gare shi."

Sadiƙa, 'yar Maijidda, wadda ke karatun unguwarzoma, ta sa baki tana dariya. "Baffa, ka yi mata uzuri. Kaza kusan kullum take saka ƙwai in tana yi. Mu mata kuwa ɗaya jikinmu ke saki a wata, shi ma ba a ganinsa."

Maijidda ta riƙe haɓa. "Ɗaya a wata? Ashe da Jibo ne ke kiwonmu, da tuni an sha romonmu."

Jibo ya yi dariya, amma bai janye maganar wuƙa ba.

Da ya fita, Maijidda ta zauna tana kallon rumbun. Shekara ashirin da biyu tana ganin Badaru yana tsugunawa a wurin da guntun gawayi, ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Sai yanzu ta gane: ɗaya yake zanawa ya bari, don kada kaza ta ga gurbinta fayau ta yi fushi ta canja wuri. Ta share ido da gefen mayafi ta ce a kawo mata kwando.

Da sassafe ta kife kazar. Hantsi na dubawa ƙwai ya matse ta, ta yi ta kai-komo tana ƙyarƙyara. Maijidda ta ɗaga kwandon, kaza ta fice a guje. Ita tana takaba, a bakin zaure ta tsaya.

"Sadiƙa, bi ta! Bar takalmin, ke dai bi ta!"

Ba a jima ba Sadiƙa ta dawo tana haki, Jibo a bayanta, kai ba hula. Hular tana hannunsa, cike da ƙwai goma sha uku. A cikin tarin harawar gyaɗarsa, bayan ɗakinsa, kazar take ta aikinta.

"To, Malam Jibo," in ji Maijidda, "wa ke ci kawai?"

Ya sosa ƙeya. "Zakarana ja ya yi ƙiba. Shi za a yanka."

"Allah Ya kai ladan. Mayar mata da ƙwanta, ka ga ta fara neman kwanci."