Ɓatan Baba Direba

Baba Direba ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a kan kujerar babbar mota, kuma abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne: bai taɓa ɓata hanya ba. In ji shi, ko ido ka ɗaure masa, daga jijjigar taya zai gaya maka inda ake. Da matarsa ta rasu, gwiwa kuma ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, sai ɗansa ya je ya kwaso shi daga ɗakinsa na bayan tasha, inda tun farar safiya ake jin hon da zage-zagen 'yan kamasho, ya kawo shi gidansa a wata sabuwar unguwa can bakin birni.

Baba ba ya kiran ɗan nan da suna. Manaja yake ce masa, rabi girmamawa rabi tsiya. Matar Manaja kuwa tana koyarwa a firamare, saboda haka ita ce Malama.

Unguwa dai ta yi kyau, wannan ba gardama. Titi sumul kamar an bi shi da dutsen guga. Itatuwa an yi musu aski iri ɗaya. Gidaje kamar uwa ɗaya ta haife su: doguwar katanga, baƙin ƙyauren ƙarfe, ƙararrawa, da wata 'yar kyamara a sama tana kallonka kamar ta san laifinka. Abu ɗaya ne aka manta ba a sa ba, mutane. Da safe ƙyaure ya buɗe, mota ta fito gilashi a rufe, ƙyaure ya koma. Da yamma a sake yi a juye. Shiru har kana jin hanjinka yana aiki.

Likita ya ce Baba ya riƙa taka ƙafa da yamma saboda gwiwa, kuma wannan yawon shi ne kaɗai abin da ya rage masa wanda ba a sa masa ido a kai. Kafin wani lokaci ya haddace unguwar tas. Ya san gidan da lemo ya leƙo ta saman katanga, ya san gidan karen nan mai haushi kamar tarin tsoho, ya san layin da ya mutu a jikin katangar makaranta, ya kuma gano wata 'yar hanyar ƙafa ta bayan tankin ruwa da ke yanke dogon zagaye. Hanya ya sani, amma bai san kowa ba. Ranar da ya yi wa wani mai ban ruwan furanni sallama, mutumin ya zare abin da ya toshe kunne da shi, ya ce, "Lafiya?"

"Lafiya lau. Gaisuwa ce."

"Au. To." Ya mayar da abinsa kunne.

Wata yamma gwiwa ta riƙe shi a ƙofar wani gida, ya dafa katanga yana waige-waige ko zai ga dutsen zama. Sai ga ƙyaure ya buɗe, wata mata ta leƙo.

"Baba, lafiya? Ko ka ɓata ne?"

Ni? Har maganar ta zo bakinsa. Shi da ya ratsa dajin da ko tsuntsu sai ya yi tambaya? Amma idonsa ya wuce ta bayan kafaɗarta, ya hango inuwa, da kujeru, da wata tsohuwa zaune ita kaɗai tana gyangyaɗi. Ya haɗiye "ni" ɗinsa, ya marairaice.

"Wallahi 'yata, gidajen ne duk iri ɗaya."

Kafin ka ce me, an zaunar da shi, ga ruwan sanyi, ga shayi, ga biskit. Tsohuwa ta wartsake, ta ba shi labarin ciwon bayanta tun daga tushe, shi kuma ya ba ta na ranar da birki ya tsinke masa a gangare. Da aka rako shi suka zo kwanar layinsu, ya ce, "Yauwa, daga nan na gane, Allah ya yi albarka." Ya shiga gida yana 'yar waƙa. Malama ta bi shi da kallo irin wanda take yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa littafi.

Daga ranar Baba ya sami sana'a. Kuma kamar kowace sana'a, ya kafa mata ƙa'ida. Ba ya ɓata a layi ɗaya kwana biyu a jere. Hula sai ya ɗan karkata ta, sanda ya riƙe ta a sakwarkwace. Ba ya danna ƙararrawa, tsayawa yake daidai ƙarƙashin kyamara yana juye-juye har tausayi ya buɗe ƙofa. Kuma komai daɗin hira, rakiya a kwana take ƙarewa. Ashe bayan kowane baƙin ƙyaure akwai mai neman wanda zai saurare shi. Mutumin da ba zai amsa maka sallama ba, in ya ga kana bukatar ceto har jikinsa rawa yake.

Gida ɗaya ne ya sa ya karya ƙa'idarsa, gidan wani tsohon alƙali mai jajayen furanni a bakin ƙofa. Mutum ne siriri, mai tabarau a kan hanci, 'ya'yansa duk sun watse ƙasashe sun bar shi da mai dafa abinci da rediyo. Yana da karta amma ba abokin wasa. Baba ya riƙa ɓata a ƙofarsa har abin ya yi yawa.

Wata rana alƙali yana rako shi, hira ta yi daɗi, Baba ya manta kansa. Ya ja hannun rigarsa.

"Ranka ya daɗe, mu bi ta bayan tanki, ya fi kusa."

Alƙali ya tsaya, ya dube shi ta saman tabarau. "Ikon Allah. Na ga masu laifi iri-iri, amma yau na fara ganin ɓatacce mai nuna hanya."

"Abin zuwa yake yana tafiya, ranka ya daɗe."

"Haka ne. Na lura ya fi zuwa in an ɗora ruwan shayi."

Ba wanda ya sake tayar da zancen.

Mai karen nan ne ya ɓata komai, kuma da kyakkyawar niyya, wadda ta fi kowace iri ɓarna. Ranar hutu ce, Manaja yana gida. Baba ya ɓata a ƙofar mutumin, shi kuma ya rako shi riƙe da karensa. A kwana Baba ya ce ya gane, mutumin ya ce sam, sai ya damƙa shi hannu da hannu. Ya danna ƙararrawa, Manaja ya fito da tawul a wuya.

"Ga Baba nan mun tsinto. Kada ka damu, duk unguwa mun san da lalurarsa. Har hotonsa muka sa a zauren hirarmu na waya, duk wanda ya gan shi ya shigar da shi."

"Wace lalura?" in ji Manaja.

"Au, ba ka sani ba? Ai kusan kullum ne."

Baba ya dubi karen, karen ya dube shi.

Manaja ya zaunar da shi a falo, idonsa ya yi ja. "Baba, me ya sa ka ɓoye mini? In mota ta buge ka fa? In ka faɗa hannun mugu?"

"Kai Manaja, kwantar da hankalinka. Ƙwaƙwalwata garau take. In karanto maka garuruwan da ke kan hanya daga nan har bakin teku, da gidajen mai, da inda ake cin abinci mai kyau?"

"Ka gani ko?" Manaja ya juya ga matarsa. "Haka aka ce ciwon yake. Tsohon abu ba ya gogewa, sabon ne ke zubewa."

Ranar aka sa wa ƙaramar ƙofa kwaɗo. Manaja ya zura makullin cikin na motarsa, ya ce za a ga babban likita, kuma zai nemo wanda zai riƙa zama da Baba. Yawo dai an soke shi. In gwiwa na son motsi, ga tsakar gida nan.

Baba ya ga ya shiga kwanar da ba ribas. In ya yi shiru, ya zama tsohon da ake kullewa kamar ɗan akuya. In ya ce ƙarya yake, mai kare zai ji, zauren waya zai ji, tsohuwa mai ciwon baya za ta ji cewa biskit ɗinta ɗan damfara ya ci, kuma ba ƙyauren da zai sake buɗe masa. Ga abin da ya fi ci masa rai: shi, shi da bai taɓa ɓata hanya ba, yau hotonsa ne ke yawo a matsayin ɓatacce, kuma da bakinsa ya jawo.

Ya riƙa zagaya tsakar gida daga famfo zuwa injin wuta, daga injin wuta zuwa famfo. Abinci ya daina shiga. Malama ta ajiye masa faranti wata rana, ta tsaya tana goge hannu.

"Baba, ni abin da ke ba ni mamaki, ciwon nan yana da ladabi. Bai taɓa sa ka makara cin abinci ba."

"Allah ne ke tsarewa, Malama."

"Lallai kam."

Da hutun mako ya zagayo, da yamma, ƙararrawa ta yi ƙara. Manaja ya buɗe. Tsohon alƙali ne tsaye, da guga a jikin rigarsa, hula a karkace, sanda a sakwarkwace, yana juye-juye a ƙarƙashin kyamara.

"Ku yi haƙuri, ɗana. Na fito miƙe ƙafa ne, wallahi gidajen duk iri ɗaya."

Baba da ke zaune kusa da famfo ya ƙware da yawunsa. Hular ma an fi shi iya karkatawa.

"Subhanallahi, shigo ranka ya daɗe," in ji Manaja. "Bari in ɗauko mota. Wane layi ne?"

"Da na sani ai da ban dame ku ba. Mota kuma jiri take sa ni. Abin da nake tunawa kawai, akwai jajayen furanni a ƙofar."

"Na san gidan," in ji Baba, ya riga ya miƙe.

"Baba, don Allah zauna. Kai da kake..."

"Bar su mana," in ji Malama daga bakin ƙofar kicin. Fuskarta ba alamar dariya, sai dai ta danne leɓe da haƙori. "Bawan Allah ya ɓata, an sami mai raka shi. Kai ka bi su a baya, in sun ɓata su biyun sai ka kwaso su."

Haka aka fita. Baba bai waiwaya ba, tsohon direba ba ya bukatar waiwaye kafin ya san ana binsa. Ya daidaita hula, ya riƙe sanda kamar sitiyari. Ya yanka ta bayan tanki, ya kauce wa layin da ya mutu, ya ja alƙali gefe kafin su kai ramin da ciyawa ta rufe.

"Ka yi wasan da yawa, ranka ya daɗe," ya ce ƙasa-ƙasa. "Jiri kuma?"

"Yi mini shiru. Sati guda ina raba wa kaina karta ina cinye kaina."

A gidan lemo wata yarinya ta leƙo ta sama ta ce, "Baba, kwana biyu!" Mai ban ruwan furanni ya zare abin kunnensa duka biyu, ya tambayi gwiwa. Tsohuwa mai ciwon baya ta sa aka buɗe ƙyaure, ta ce ta ajiye masa labari. Baba yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar mai jego, da wanda ya yi jarrabawa, da wanda aka cire wa haƙori.

A gaban jajayen furanni Manaja ya cim musu. Ya dubi ubansa, ya dubi alƙali, ya dubi hanyar da suka biyo.

"Baba," ya ce, "ashe unguwa guda ka yi ta yaudara..."

"Sauƙi ne ya samu, Manaja. Ka gode wa Allah."

Alƙali ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya irin ta da. "Ɗana, na saurari shari'ar nan tun daga farko. Ciwo ne da ke kama tsofaffi a unguwar da ba a amsa sallama, kuma ga shi ya fara yaɗuwa. Kwaɗo ƙara shi yake yi. Ni dai in ba a bar mini mai rakiya ba, gobe ma a ƙofarka zan ɓata, jibi ma haka, kuma ina shan shayi da madara sosai."

Manaja ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suka fara rawa, Baba bai tabbatar ko dariya ce ko kuka ba, bai kuma tambaya ba. Can ya ciro makullan mota, ya yi ta fama da zoben har ya zare ƙaramin, ya sa a tafin ubansa.

"Ka dawo kafin abinci."

"Yaushe na taɓa makara?"

Washegari da yamma Baba yana ɗaura agogo zai fita, ƙararrawa ta sake ƙara. Malama ta buɗe. Mai kare ne, yana sosa ƙeya, karen kuwa yana ta jan igiya da ƙarfinsa zuwa gidansu da ke can ƙarshen layi, ana hango shi.

"Malama, ki yi haƙuri," in ji shi, "gidajen ne duk..."

"Na sani," ta ce. "Shigo. Baba, fito da wata kujerar, bari in ƙara ruwa a buta."