Jarumar Gwaggo Rabi-da-Rabi

Shekara talatin da ɗaya Gwaggo ta yi tana sa ido a ɗakunan jarrabawa kafin ta yi ritaya. Saboda haka da ta shigo falon gidan ƙaninta ranar Asabar bayan la'asar, kallo ɗaya ya ishe ta gane cewa akwai wadda aka ɓata wa rai. Auta ce, 'yar ƙanin nata, zaune a ƙarshen teburin cin abinci, ta tasa wata taswira da ta zana da hannunta a gaba, ta yi kicin-kicin da fuska. Yayanta Injiniya da abokinsa Dogo kuwa sai ƙyalƙyala dariya suke yi.

Wasa ne na tebur. Kowa yana ƙirƙiro jaruminsa a takarda, Auta kuma ita ce mai jan labari. Ita ke faɗin abin da jaruman suka tarar a hanya, su kuma su faɗi abin da za su yi, sannan a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama.

"Gwaggo, duk wanda na ajiye musu a hanya, kafin ya buɗe baki Yaya ya fille masa kai," in ji Auta. "Mai kwalekwale, sun kashe. Tsohon maƙeri, sun kashe. Shafi arba'in na rubuta, ban karanta ko biyar ba. Yau in suka kashe dodon ƙofa bai yi magana ba, wallahi na naɗe komai na jefa a kwali."

"To laifina ne?" in ji Injiniya. "Takobi aka ba ni, ba kujerar sauraron lacca ba."

Gwaggo ta dubi wani littafi mai shuɗin bango da Auta ta dafe da tafin hannu. Ta san yarinyar tun tana zanin goyo. Ba mai magana ba ce, kuma in ban da a bakin wannan tebur ba a cika jin muryarta a gidan ba. Sai ta ajiye jakarta, ta jawo kujera.

"Ana sa wani abu ne? In caca ce ku gaya mini tun yanzu."

"Ba a sa komai, Gwaggo."

"To a ba ni takarda."

Dogo ya ƙware da shayi. Injiniya ya tura mata takardar da fensir cikin ladabin da ke ɓoye dariya. Ya bayyana mata cewa jarumansu duka suna mataki na biyar, don haka ita ma matakai biyar za a ba ta, ta zuba su a fannin da take so.

"Ki zuba su duka a mayaƙi, Gwaggo, shi ya fi sauƙi. Ki sara kawai. Ko ki ɗauki matsafi, ki riƙa jefa wuta."

"A'uzu billahi. Ko a takarda ba na tsafi. Miƙo mini littafin dokokin."

Ta saka tabarau, ta fito da jan biro daga jaka, ta shiga karatu da yatsa a kan layi, kamar yadda ta saba karanta ƙa'idojin jarrabawa. Rabin sa'a suka yi suna jiranta. Da ta ɗago, sai ta ce jarumarta za ta ɗauki matakai uku a mayaƙi, biyu kuma a fannin masu sanɗa, wato masu tafiya ba motsi da saurin hannu.

Injiniya ya kama kai. "Haba Gwaggo! Kin san abin da kika zubar? A mataki na biyar ne mayaƙi ke samun sara biyu a juyi ɗaya. Ke yanzu ba ki kai can ba, ba ki kai nan ba."

"Na gani a shafi na sittin da biyu."

"Kuma sai kin rage ƙarfi kin ƙara zafin nama kafin doka ta yarda ki haɗa fanni biyu."

"Na rage."

"Jaruma rabi-da-rabi ke nan," in ji Dogo. "Kuma Gwaggo, fannin nan ai na ɓarayi ne. Ke da carbi a hannu?"

"Kai dai sha shayinka, ɗan nan."

Da aka zo sayen kaya, ba ta nemi dogon takobi ba. Ta zaɓi sulken fata mai kauri wanda ba ya ƙara, da garkuwa mafi faɗi a littafin. Ta kuma ja layi da jan biro a ƙarƙashin wata dabarar mayaƙa da ke ba mutum damar tsayawa a ƙofa ya hana kowa wucewa.

Aka fara. Auta ta bi da su ta cikin kurmi da murya ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ta riga ta fid da rai. Gwaggo ta ce jarumarta za ta riƙa bin bayan jarumin Injiniya, saboda ita baƙuwa ce. Injiniya ya ji daɗin wannan ƙwarai, har ya gyara zama.

Suna cikin tafiya Gwaggo ta yagi gefen takardarta, ta yi ɗan rubutu, ta ninke shi sau huɗu. Ɗaruruwan irin wannan ƙullin ta zaro daga safa da hannun riga da murfin biro a tsawon aikinta, ba ta taɓa zaton wata rana ita za ta miƙa shi ba. Ta nemi gafarar Ubangiji a zuci, ta zura hannu ƙarƙashin tebur, ta taɓa gwiwar Auta.

Auta ta karanta a kan cinyarta. Idonta ya ɗan buɗe. "Gwaggo, jefa ɗan lido."

"Na mene ne?" in ji Injiniya.

"Ba naka ba ne, Yaya."

Gwaggo ta jefa da yatsu biyu. Goma sha huɗu. Ta haɗa da makin saurin hannu, ta faɗi jimlar a natse: ashirin da ɗaya. Auta ta ciji leɓe ta ci gaba da labari.

Suka iso ƙofar dutse. Dodon yana zaune a bakinta, gashinsa fari har ƙasa. Ya ɗago kai zai yi magana.

"Na zare takobi na sare shi!" Injiniya ya faɗa, har da dukan tebur.

"Ka kai hannu," in ji Auta, muryarta na rawa saboda dariyar da take dannewa, "ka ji kube fayau. Babu takobi."

"Kamar yaya babu?"

Gwaggo ta ɗora ninkakkiyar takardar a tsakiyar tebur. Dogo ya warware ya karanta da ƙarfi: "Jarumata za ta zare takobin wannan yaro ba tare da ya sani ba."

"Gwaggo! Sata fa ke nan!"

"Ƙwacewa dai. Abin da ke hana aji sauraro, malama ke riƙe shi."

Injiniya ya rantse jaruminsa zai kai wa dodon naushi da hannu. Gwaggo ta nuna masa layin da ta ja wa jan biro: jarumarta ta riga ta tsaya a ƙofa da garkuwa. Ya ce to ita zai ture. Ya jefa, takwas. Ya sake, goma sha ɗaya. Garkuwar ba ta ko girgiza ba. Ya juya wajen Dogo neman agaji, amma Dogo ya kifa kai a tebur, hawaye na zuba, ya ce jaruminsa ya zauna a kan dutse zai kalli ikon Allah.

"Rabi ya ɗauke, rabi ya tare," in ji Gwaggo, tana cire tabarau. "Auta, muna jin ki."

Auta ta buɗe littafin shuɗi. Muryarta ta koma ta tsohon dodo mai kaushi. Ya ce shekara ɗari uku yana gadin ƙofar, kuma alkawari aka ɗora masa cewa duk wanda ya tsaya ya saurare shi har ƙarshe, ya miƙa masa mabuɗin ba tare da faɗa ba. Ya ba da labarin garin da ke bayan ƙofar, da maƙerin da ya san sirrin ƙarfensa, da mai kwalekwalen da shi kaɗai ya san mashigar kogin.

"Tsaya," in ji Injiniya a hankali. "Maƙerin da na...?"

"Shi fa."

"Da mai kwalekwalen?"

"Shi ma."

Injiniya ya jawo kujerarsa kusa. "To yanzu ta ina za mu haye kogin?"

Auta ta miƙa ƙafa ta ture kwalin can ƙarƙashin kujera, ta shimfiɗa sauran taswirar da ba su taɓa gani ba, ta danne kusurwoyinta da kofunan shayi.

Injiniya ya karkato wajen Gwaggo, ya sassauta murya. "Gwaggo, don Allah, takobin nawa fa?"

Ta mayar da jan bironta cikin jaka, ta ja zif.

"Sai ƙarshen zango, in na ga hali ya gyaru."