Dokar Masu Tari

Gatari ake ce masa a masaƙa, don in ya hau kan durom ya buɗe baki, manaja sai ya nemi ƙofar baya. An kore shi, an kulle shi, an dawo da shi dole. Da zaɓe ya zo, ma'aikata suka ɗauke shi cak suka dire a majalisar jiha da aike guda: a yi dokar da za ta tilasta wa masaƙa jinyar waɗanda ƙurar auduga ta cinye wa huhu.

To, majalisa ba filin yajin aiki ba ce. Sai an ba ka izini kake magana, in ka ɗaga murya a kashe maka makirufo. Ya koyi jira, ya koyi murmushi, har tumbi ya ajiye. Ranar zaman ƙarshe Kakaki ya dubi agogo, ya ce a mayar da ƙudurin gaban kwamiti, ya buga guduma. Shi ke nan, an binne.

Ma'aikata na bakin ƙofa tun safe.

Direbansa ya ce, "Yallaɓai, mu bi ta baya?"

"Tsaya nan."

Ya fita da ƙafa. So yake su zage shi, wallahi so yake. A ƙungiyar ƙwadago haka ake yi: shugaba ya kasa, a ci kwalarsa, a wanke shi tas, gobe a sha shayi tare. Naka kake zagi.

Ya faɗa musu komai bai rage ba. Ba wanda ya zage shi, sai tari nan da can.

Amininsa mai gyaran inji ya matso, wanda suka raba bargo ɗaya a kurkuku. Ya rame, riga na yawo a jikinsa. Gatari ya saki hannuwa yana jiran ya ci kwalarsa.

Mutumin ya rusuna. "Ranka ya daɗe, an gode da ƙoƙari. Allah ya saka."

"Haba! Ni ne fa. Ni kake wa ranka ya daɗe?"

Tari ya sarƙe mai gyaran injin. Ya tofa a hankici, ya ninke da sauri kada a gani. Da numfashinsa ya dawo, ya juya ga jama'a.

"Ku ba mai girma hanya, kada mu ɓata masa lokaci."

Suka dare gida biyu. Ya bi ta tsakiya, ko gefen rigarsa ba wanda ya taɓa.