Gangar Manu a Hedfon Uku

Tun da ɓarin jikin Malam Ummaru ya shanye, ya juya wa duniya ƙeya. Mutumin da a da ba a sa ranar gayya a Tsiga sai an ji ta bakinsa, yanzu kunu ma sai an yi ta lallashi kafin ya kurɓi ludayi biyu. Likita a Malumfashi bai ɓoye wa 'yarsa Shafa'atu ba: magani na aiki, amma tsohon ya sare, kuma in bai koma cin abinci ba da wuya ya ga kaka.

Shafa'atu kuwa ba a san ta da sarewa ba. Ta zazzage akwatin uban, ta zaƙulo wani tsohon kaset da aka ɗauka a wata gayya shekara talatin da suka wuce, ranar da marigayi Manu makaɗin noma ya wuni yana buga taken mahaifinta. Ta hau mota sai Funtua, wurin Zaharaddeen, ɗan kawunta mai sitidiyo.

Zaharaddeen irin mutanen nan ne da in ka tambaye su hanya sai sun ba ka tarihin kwalta. Ya juye kaset ɗin a kwamfuta, ya jera mata hedfon uku, abin sauraren nan da ake sawa a kunne, da amfilifaya biyu masu ƙara ƙarfin sauti, ɗaya ƙarama, ɗaya mai kwalabe da ke yin ja in ta ɗau zafi.

"Zauna ki ji kaya, 'yar ƙauye," in ji shi.

"Ƙauyen ke ciyar da kai. Kunna."

Na farko ya dace da waƙoƙin fim, kiɗan na dukan kai kamar luguden taɓarya, amma da aka sa gangar Manu sai ta cushe ta zama gurnani. Na biyu gwanin murya ne, a waƙar bege har numfashin masu amshi ana ji, sai dai ya tono duk shuuu ɗin tsohon kaset ya zuba mata a kunne. Na uku, da aka haɗa shi da mai kwalabe, ya raba goge da ƙwarya tsaf a wani kiɗan gargajiya, kuma a cikinsa gangar ta fito da bakinta. Sau shida tana sa Zaharaddeen ya maimaita, har ya fara duba agogo. Na ukun ta ara, da amfilifayarsa.

A gida ta durƙusa ta sa wa uban a kai. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ture shi.

"Cire," ya ce, harshen na ja da ƙyar. "Manu bai taɓa shiga cikin kaina ba. A bayana yake."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta fita bayan rumbu ta yi kukanta, sannan ta tsaya ta auna maganar. Gaskiya ce. A gayya manomi na gaba da garma, makaɗi na biye da shi, ganga na tura shi ta ƙeya. Ita da masanin Funtua sun ɓata wuni suna neman yadda za su kawo kiɗan kusa, alhali nisan ne daɗinsa.

Washegari ta koma Funtua.

"Sifika nake so, babbar nan, da batir."

"A gona? Da damina? Kin san daga inda aka kawo ta?"

"Ko daga Makka ne, yau za ta ga huɗa."

Ya yi mita har ya gaji, ƙarshe shi da kansa ya ɗora ta a Keke Napep ya rungume ta har Tsiga.

Da hantsi suka ɗauko Malam Ummaru a amalanke, suka zaunar da shi kan kujera a bakin gonarsa, fuskarsa na kallon kunyoyin masara. Shafa'atu ta ƙirga taku ashirin a bayansa, ta ce a ajiye sifikar nan. Zaharaddeen ya buɗe baki zai yi bayanin iska, ta harare shi, ya kunna.

Gangar ta taso ta kan ƙasa mai laima. Tsohon bai waiwaya ba, manomi ba ya waiwayen makaɗi. Amma Shafa'atu ta ga wuyansa ya miƙe, kafaɗarsa mai lafiya ta fara sunkuyawa tana tashi daidai da bugun. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Shafa."

"Na'am, Baba."

"Matso da shi kaɗan. Kullum sai na bar shi a baya."

Suka matso da sifikar taku biyar. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Manu ba ya yi wa mayunwaci kiɗa," ya ce. "Ina fura?"