Daƙiƙa Arba'in na Elspeth

Ma'aikatan jirgin ruwa sun fara janye gadar da fasinjoji ke hawa, Wilfred Hedley kuwa yana nan tsaye a bene na bakwai, ya dafa ƙarfe yana leƙen tashar Alesund. Wata motar haya ta tsaya can bakin shinge, mace mai koriyar rigar ruwa ta fito da sassarfa, ya ɗauka matarsa ce. Sai da ta matso ya ga ko arba'in ba ta kai ba, ga ledar tsaraba a hannunta. Abin ya tsorata shi ƙwarai. Shi ne fa ya riƙe hannun matarsa Elspeth ranar da ta cika, shi ya zaɓi akwatin da aka sa ta, amma ga shi yau yana duban motocin haya ko za ta fito. Ƙaryar da ya yi kwana huɗu yana faɗa wa mutane ta fara kama mai ita.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun da suka yi ritaya daga koyarwa a Hexham, su biyu suke bin jiragen yawon buɗe ido suna lacca. Shi yana ba da tarihin Rumawa da na Vikin, maharan tekun nan na arewa, ita kuma tsuntsaye da dabbobin ruwa. Ba albashi ake biya ba, ɗaki ne mai gado biyu da abinci, sai kuma sunanka a takardar shirin yini da ake turowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kamfanin kuwa tare yake gayyatarsu, don da ɗaki ɗaya ya sami malamai biyu. Wasiƙar tafiyar bana ta iso a watan Maris, mako uku bayan jana'iza, da sunayensu duka. Wilfred ya zauna a kicin ya sa hannu a gurbinsa, sa'an nan ya sa hannu a nata.

Ba don kwaɗayin teku ya yi ba. A gida kome sai ya tuna masa: katunan ta'aziyya a kan kantar kicin, maƙwabta da kwanonin abinci, kowa ya rage murya in ya gan shi. 'Yarsu ce ta buga wa dangi waya, ita ta je ofishin rajista, shi bai taɓa buɗe baki ya furta cewa ta rasu ba ko sau ɗaya. A jirgi kuwa ba wanda ya sani. Ranar da suka tashi daga bakin kogin Tyne ya gaya wa Gillian Rudd, shugabar shirye-shiryen jirgin, cewa an yi wa ƙanwar Elspeth aiki a Carlisle, za ta biyo jirgin sama ta same su a Alesund kafin ranar laccarta. Ranar kuwa ita ce yau, ƙarfe uku.

"Farfesa, an tashi da kai ba ta zo ba ke nan?"

Doreen Pattinson ce a bayansa da sandarta. Tsohuwa ce 'yar Whitley Bay, ta haura tamanin, wannan ce tafiyarta ta tara tare da su, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa don Elspeth take zuwa ba. Laccarsa kam, in ji ta, wurin barcin rana ce mai kyau. Ya ce mata jirgin saman ne ya makara, wataƙila sai a tasha ta gaba.

"To Allah ya kawo ta, ko ma huta. Jiya minti ashirin ka ci mana na wasan bingo, kana ta surutu kan dutsen kabari. Da tana nan da ta ɗaga maka takarda." Ta zagaya ta dubi ƙeyarsa. "Wa ya yi maka wannan askin? Kamar ɓera ya kwana a kai."

Ya shafa ƙeya ya ce wani sabon wanzami ne. Doreen ta daɗe tana kallonsa, don ta san shekara arba'in da biyar Elspeth ke yi masa aski a kicin. Ta ce dai akwai kwalbar jam na shafa wa burodi da ta kawo wa Elspeth, tana nan a ɗaki, ta juya ta tafi tana dogara sanda.

Gaskiya ta faɗa game da jiya. In yana lacca, Elspeth kan zauna a kujerar ƙarshe ta hagu, in saura minti biyar ta ɗaga takardar shirin yini, don in aka bar Wilfred da Rumawa sai ya kai magariba. Jiya ya zo kan dutsen nan da aka tono a bakin Tyne, wanda wani mutumin Siriya ya kafa wa matarsa. A sama an rubuta kome da Latin yadda hukuma ke so, suna da shekaru, a ƙasa kuma mutumin ya ƙara layi ɗaya da harshen garinsu, wanda ya ƙare da kalma guda: kaico. Sau hamsin Wilfred ya bayyana wannan dutse ba tare da ya ji kome ba. Jiya da ya iso kalmar sai ya tsallake ta, ya shiga bayanin irin dutsen da inda aka faso shi, yana ta duban kujerar ƙarshe, takarda ba ta tashi ba.

Ƙarfe ɗaya Gillian ta aika a kira shi. Ofishinta wani ɗan lungu ne bayan dandamali, cike da kayan 'yan rawa. Mace ce mai saurin magana, ba ta da lokacin kewaye-kewaye. Ta ce katin shiga jirgi na Elspeth bai shiga na'ura ba, jirgi ya bar tasha, mutum wajen ɗari biyu kuma suna jiran tsuntsaye. Za ta iya soke laccar ta sa musu fim.

"Sannan, Wilf, makon nan ofis ke rubuta sunayen baɗi, ka kuma san ku biyu suke so. Ka gaya mini tsakani da Allah, lafiyarta ƙalau?"

Saura kaɗan ya faɗa mata gaskiya. Ya san in ya faɗa, gobe takarda za ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa babu sunan Elspeth, kuma wannan takarda ita ce wuri na ƙarshe a duniya da ake rubuta cewa matarsa za ta yi wani abu da ƙarfe kaza. Ya ce lafiyarta lau, tana ma gaishe ta. Laccar kuma kada a soke, shi zai yi, ya ji ta ya fi sau sittin.

"Kai? Kai da ba ka bambance agwagwa da shirwa?"

Ya ce takardunta suna wurinsa, karantawa kawai zai yi. Gillian ta dubi agogo, ta ce to, amma minti arba'in da biyar, ko ɗaya kada ya ƙara.

A ɗaki akwatinta na kan gado na biyu. Shi ya haɗa mata kayan da hannunsa, har da koriyar rigar ruwan da madubin hangen nesa, bai kuma tsaya ya tambayi kansa dalili ba. Ya ciro kwamfutarta da shuɗin fayil ɗin laccar. Ƙamshin man hannunta na nan a jikin takardun. Ta buga kome da manyan baƙaƙe, a gefe kuma ta yi 'yan rubuce-rubuce da fensir: sha ruwa, bar su su yi dariya, duba ko Wilf ya yi barci. Kusa da kowane sakin layi akwai lamba, talatin, hamsin da biyar, ashirin, bai gane ko na mene ne ba. Ya zauna a bakin gadonta yana karantawa har aka sanar da laccar a lasifika, da sunanta, sa'an nan aka gyara aka ce mijinta ne zai wakilce ta.

Zauren ya cika. Jirgi ya fita sarari, labulen dandamali na ɗan kaɗawa da motsin ruwa. Doreen na layin gaba ta ɗora haɓa a kan sanda. Kujerar ƙarshe ta hagu ba kowa, tsofaffin fasinjoji sun saba bar wa mai ita. Wilfred ya ba da haƙuri, ya ce yau makaho ne zai ja musu gora, aka yi 'yar dariya. Hoton farko ya fito a allo, wani tsauni a tsakiyar teku fari fat da tsuntsaye. Ya soma karantawa a hankali, irin karatunsa na mai jan magana.

Bai kai ƙarshen sakin layin ba hoton ya canza.

Ya dubi ɗan maɓallin juya hotuna da ke hannunsa. Bai taɓa shi ba. Ya ajiye shi a kan tebur, ya ci gaba da sauri, hoton ya sake canzawa. Ya ɗaga kai ya dubi kujerar ƙarshe. Sai can ya tuna. A da shi ke danna mata hotuna, kullum kuma sai ya danna da wuri ko ya makara. Watan Nuwamban bara ta ce ta gaji da shi, za ta sa kwamfuta ta riƙa juya su da kanta. Ya tuna ta a kicin, agogon dafa ƙwai a gabanta, tana yi wa tukwane lacca tana rubuta lambobi, shi yana falo yana karatun jarida bai ko leƙo ba. Lambobin gefen takarda daƙiƙoƙi ne. Ba su sake hawa jirgi ba bayan nan, don haka ba wanda ya taɓa jin laccar a wannan tsari sai tukwanen.

Dole ya bi ta. Inda take sauri ya yi sauri, inda ta tsaya shan ruwa hoton ya jira, shi ma ya kurɓa. Inda ta rubuta a bar su su yi dariya, aka yi dariyar, hoton kuma ya tsaya daidai tsawonta. Da aka yi nisa sai ya lura da wani abu da ya fi kome yi masa ciwo. Akwai wuraren da jimla biyu ce kawai amma ta ba su lokaci mai tsawo, ba dariya, ba ruwa. Nan ne numfashi ke yanke mata. Tun Nuwamba ke nan, ita kuma sai bayan Kirsimeti ta yarda ta ce masa ba ta jin daɗi. A kowane irin wurin yakan gama karatu ya tsaya shiru, mutum ɗari biyu suna kallonsa, yana jiran matarsa ta gama numfasawa.

Sai ga hoton ayun teku ya cika allo, ƙato, kwance a kan dutse, ga haure biyu ga gashin baki buzu-buzu, ido a rufe. Wilfred ya dubi takarda. Babu bayani ko layi ɗaya, sai harafin W da lamba arba'in. Tun kafin ya ɗago, waɗanda suka saba tafiya da su sun fara ƙyalƙyala, don sun san abin da ke zuwa. A nan Elspeth kan nuna allo, ta nuna shi, ta yi barkwancin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana yi, shi kuma ya miƙe ya rusuna yana murza gashin baki. Hoton yana nan, yana jira.

Doreen ce ta ɗaga sanda ta nuna allon, ta faɗa da muryarta mai kaushi, yadda Elspeth ke faɗa:

"Wannan kuma maigidana ne, bayan abincin rana."

Zauren ya ɗauka da dariya, har da waɗanda ba su taɓa ji ba. Wilfred ya tsaya a cikin dariyar, yana jin ta kamar yadda ya saba jin ta, sai dai babu wadda zai juya ya harara. Ya ga Gillian tsaye a bakin ƙofa da fayil a ƙirji. Ya ga Doreen ba dariya take yi ba, shi take kallo. Ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

"Elspeth ba ta makara ba," ya ce. "Ta rasu ran sha ɗaya ga Fabrairu. Ƙarya na yi muku. Ku yi haƙuri."

Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya, layi bayan layi. Ba a jin kome sai gurnanin injin jirgi a ƙarƙashin ƙafa. Gillian ta sauke fayil ɗinta a hankali. Doreen ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta ciro hankici daga hannun riga. Wata mata ta yunƙura za ta taso wurinsa, shi ma ya yi niyyar rufe takardun ya sauka, don bai ga abin da ya rage ba.

Daƙiƙa arba'in suka cika, hoton ya canza. Wasu fararen tsuntsaye ne masu jan baki, suna shawagi a kan ruwa. Ya dubi gefen takarda, ashirin da biyar kawai ta ba su. Ya goge tabarau da bakin riga, ya nemo layin da yatsa, ya yi sauri ya bi ta.