Warin da ke ƙarƙashin daɓe

Sito ne na ajiye gangunan baƙin mai da kayan injina, mahaifinsu ya rasu ya bar musu shi, ita da yayanta. Shekara da shekaru yana kulle, ƙofar ƙarfen ta yi tsatsa, tattabaru sun mai da rufin ya zama gidansu. Yayan so yake a sayar a huta. Ita kuwa zanen gine-gine ta karanta, ko a gida Injiniya ake ce mata, sai ta roƙe shi ya bari ta mai da wurin ofisoshin haya. Da ƙyar ya yarda.

Ko bango ɗaya ba ta rushe ba. Ta sa aka fasa manyan tagogi suna kallon juna don iska ta riƙa ratsawa, aka cire wasu fallayen kwano aka sa masu shigo da haske. Farantan sola suka hau rufi, tankin tara ruwan sama ya zauna a baya. Tsofaffin katakan da ake ɗora kaya a kansu kafinta ya goge su ya yi tebura. Ƙasa kuma aka yi mata sabon shafen siminti a kan tsohon daɓe.

Wadda ta fara zuwa dubawa shugabar wani ƙaramin kamfanin kwamfuta ce, tana da juna biyu. Da rana tsaka ta zo. Ta yaba hasken, ta shafa teburan, can sai ta toshe hanci da gefen mayafi ta fita da sauri, ta durƙusa a bakin ƙofa tana amai. Da ta wanke baki ta ba da haƙuri, ta ce wurin ya yi kyau, amma akwai wani wari da ba za ta iya zaunar da ma'aikatanta a cikinsa ba.

Su Injiniya hancinsu ya riga ya saba. Washegari Injiniya ta rufe tagogin duka, ta jira rana ta yi zafi, sannan ta bi bango tana shinshinawa. Ba a nan yake ba. Da ta tsuguna ta kai fuskarta ƙasa sai ta ji shi, mai nauyi, har cikin maƙogwaro. Man da ya yi shekaru yana zuba ya bi tsagogin daɓen ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, zafi kuma yana tayar da shi.

"Ke dai a shimfiɗa kafet a fesa turare," in ji yayan. "Mai ciki ai ko ruwa wari yake mata."

"Yaya, mutum zai wuni a nan yana shaƙar wannan. In 'yarka ce za ka bari?"

Ya dai ce shi ya cire hannunsa, ta yi abin da ta ga dama.

Aka fitar da teburan, aka sa guduma a sabon shafen da bai daɗe da bushewa ba. Ƙasar da ta fito baƙa ce ƙirin, tana maiƙo, wani wurin har gwiwa. Direban tifa ya ce zai zubar da ita a bayan gari, ba wanda zai gani. Ta ƙi, ta yi ta cigiya har ta samo kamfanin da ke karɓar gurɓatacciyar ƙasa, ko da yake layinsu dogo ne. Wasu leburori suka gudu saboda ciwon kai. Ta sayo wa sauran takunkumi da safar hannu, ta saka takalmin roba ta shiga ramin tare da su. A gida mijinta ya sauya mata suna zuwa Bakanike, kayan aikinta kuma a waje suke kwana.

Wata safiya yayan ya biyo, wai hanya ce ta kawo shi. Ya tsaya a bakin ramin yana kallon ƙanwarsa da shebur a hannu, gumi ya jiƙe mata baya. Ya ce tun tana yarinya taurin kai yake cinta. Sannan ya naɗe hannun riga ya kama baro. Har aka tashi bai daina mita ba, bai kuma ajiye baron ba.

Suka cike ramin da sabuwar ƙasa da tsakuwa, aka shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe. Ɓaraguzan da mai bai taɓa ba Injiniya ta sa aka jera su a wurin ajiye motoci.

Kafin su gama, shugabar kamfanin kwamfutar ta riga ta kama wuri a wata unguwa. Waɗanda suka shigo wasu akantoci ne da masu aikin fassara. Ranar da suke tarewa, yayan ne ya riƙa zagayawa da su yana nuna musu yadda ake buɗe tagogin sama, yana cewa shi da ƙanwarsa sun sha wuya a wurin nan. Injiniya ta ƙyale shi. Tana can baya ita da birkila, suna auna inda za a yi wa masu keke rumfa.